Da Takalmi Ɗaya a Ƙafa

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni aka ɗora mini raino. Abin da na tashi da shi tarbiyya ce. Uwata ta ba ni ita da yawa, ta ishe ni gidan miji, ta ishe ni zaman ƙauye, sai da na zo Abuja ta so ta yi mini yawa. Ga yadda aka yi.

Bayan rasuwar maigidana, ɗana ya zo ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Direba ne, yana lodi a tashar Jabi. Ya kwaso ni da tabarmata da kwallayena, ya kawo ni Jikwoyi, wani gida mai ƙofar ƙarfe, ɗakuna a jere, kowa da kwaɗonsa. Ya kawo ni don kada in yi kaɗaici. To, da gari ya waye, shi ya tafi tasha, matarsa ta tafi wurin aiki, yara suka tafi makaranta, sauran 'yan haya kowa ya kulle ya fice. Na duba dama, na duba hagu. Ko kaza babu. A ƙauye in na yi tari, gida uku ake yi mini sannu. A nan na yi tari, na saurara, na yi wa kaina sannu.

Mutum ɗaya ke wuni a gidan ban da ni. Wata dattijuwa ce a ɗakin ƙarshe, 'yar Filato, Kirista, ita ma mijinta ya rasu, ta yi aikin gwamnati ta gama. Kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu, ko da yake na girme ta. Tana sayar da lemo da ayaba da kankana. Motar kasuwar Zuba ke sauke mata kaya, ita kuma ta fitar da teburinta gindin dalbejiyar bakin hanya kafin rana ta take, ta tari masu wucewa da 'yan makaranta. Hausarta irin ta garin nan ce, kowa namiji ne a bakinta. Wata safiya ta leƙo ta ce, "Hajiya, ka zo ka kalli fim mana." Na waiwaya ko akwai wani namiji a bayana. Babu. Makka kuma ban je ba, amma tunda ta naɗa ni, na ce Allah ya amsa bakinta, na ɗauki mayafina.

Wasan na mutanen wata ƙasa ce mai nisa, an sa musu Hausa a baki. Ana maimaita shi da hantsi saboda irinmu. Akwai wani kawu mai gashin baki da ya sha alwashin sai ya raba marayu da gidan ubansu, kullum ya kusa, kullum Allah bai ba shi ba. Ni da Mama muka haɗu a kan ƙin mutumin nan. Ita ta kira masa wuta da Turanci, ni in kira masa da Larabci, wutar dai guda ce. Daga nan zama ya yi daɗi. Kwanci tashi, sai ya zamana ina sallar asuba ina tunanin hantsi.

Yanzu sai na faɗi abin da uwata ta koya mini game da baƙunta, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Ta ce ba a tashi alhali mutum na magana. Ta ce ba a tashi mai ɗaki bai sallame ki ba. Ta kuma ce ba a zama har mai ɗaki ya fara hamma. In an duba, na ƙarshen yana faɗa da na farkon. Tsakaninsu akwai wata 'yar ƙofa matsattsiya, baƙuwa mai hankali ita ce mai gane ta ta bi.

A ɗakin Mama, ƙofar nan a buɗe take, talabijin ɗin da kansa yake buɗe ta. In wasa ya kai ƙarshe, sai fuskar kawu ta tsaya cak, sai duhu, sai wani kiɗa mai sanyi ya tashi, rubutu ya riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama, layi bayan layi, kamar tururuwa ta sami hanya. An ce mini sunayen waɗanda suka yi aikin ne. Ban iya karanta ko ɗaya ba, amma na ga dacewar abin. Wanda ya yi aiki a ambace shi. A wurina kuma rubutun nan rakiya ce. Yana fara hawa, Mama za ta ce, "To, Hajiya, sun gama." Ni kuma in ce, "To, Mama, bari in leƙa ɗaki." Sai in lalubo takalmin dama, in lalubo na hagu, in dafa kujera, in ba gwiwoyina lokaci su tuna aikinsu. Muna yi muna yanke wa kawu hukunci. Kafin kiɗan ya ƙare na miƙe. Ta kashe, ta rufe talabijin da wani farin leshi da ta saƙa masa, ta raka ni bakin ƙofa, ta wuce ta fitar da tebur. Kamar wanda ya tsara kiɗan ya auna gwiwata.

Ana nan ana nan, sai wata rana fuskar kawu ta tsaya, kiɗa ya tashi, na sa takalmin dama. Ina neman na hagu, sai na ga rubutun ya tsuke ya koma wani lungu, ƙanana ƙanana, kamar zanen da aka wanke da ruwan zafi, yana gudu sama kamar an biyo shi. Sauran fuskar talabijin ta cika da wuta da tukwane. Kiɗan ya nutse. Wani yaro mai murya kamar ɗan kamashon tasha ya faɗo a kai: "Kada ku tashi! Kada ku je ko'ina! Yanzun nan, yanzun nan…"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

A gane ni da kyau. Na san yaron ba ya gani na. Ba yau na fara ganin talabijin ba. Amma murya ce ta fito daga cikin kayan mai ɗaki, a ɗakin mai ɗaki, ta ce kada a tashi. Na dubi Mama in ji ko za ta warware maganarsa. Ba ta ce sun gama ba, don ba su gama ba, ga wani yana yanka albasa. Ita kuma ta dube ni, ta ga na fasa sa takalmi na zuba wa talabijin ido. Sai ta gyara zama. Ganin ta gyara zama, ni ma na zare takalmin na gyara nawa.

Muka kalli wani ƙato da farar hula yana dafa kifi ba manja. Yana gamawa na kai hannu ƙasa, sai rubutu ya tsuke, yaro ya dawo. Muka kalli maza huɗu a kan kujeru suna gardamar ƙwallo, ba ƙwallon a wurin. Suna gamawa, yaro ya dawo. Muka kalli kokawar Turawa, manya-manyan mutane da ɗan kamfai suna jifan juna da kujera. Ba mu tashi ba sai da ladan ya kira azahar. Shi kam ko uwata ta yarda a tashi in ya yi magana.

Na ce a raina yau ce kawai, wataƙila yaron baƙo ne, bai san tsarin gidan ba. Washegari ya dawo. Jibi ya dawo. Ashe aiki aka ɗauke shi.

Na gwada dabaru. Na sa takalma biyu tun kafin wasa ya ƙare, amma zama da takalmi a ɗakin mutane wani rashin kunyar ne, na cire. Na yi niyyar in miƙe a daidai lokacin da fuskar kawu ta tsaya, kafin yaro ya buɗe baki. Gwiwata ba ta da wannan saurin. Ina rabin miƙewa yake kama ni, in koma in zauna kamar wadda aka kama tana satar fita. Na jira ya ja numfashi in sa sallamata a tsakani. Yaron nan ba ya numfashi.

Abu ɗaya ke cetonmu, ɗauke wuta. In wuta ta tafi, ɗaki ya yi tsit, sai Mama ta ce, "Ash," ni ma in ce, "Ash," mu yi ta zagin masu wuta da fuska a ɗaure, ina sa takalmi ina ɓoye murnata. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah ya ɗauke wa maƙwabciya wuta ba, amma na roƙa, a cikin zuciya, ina jan carbi. Ana amsa mini ma sau da yawa, don a Jikwoyi wannan addu'a ba ta da wuyar karɓuwa.

Sai ɗan Mama, wanda ke aiki cikin gari, ya zo ya ga uwarsa ta yi ƙawa, ya ji daɗi. Ya ce ba zai yiwu tsofaffi biyu suna kallo ana katse musu ba. Ya kawo masu sola suka hau kwano suka kafa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce daga yau wuta ba za ta sake yanke mana ba. Na sa masa albarka. Wallahi na sa masa, amma sai da na nemo ta.

Daga nan muka shiga hannun yaro gaba ɗaya. Har na san 'yan kokawar da fuska. Akwai wani alƙalinsu mai riga zane-zane, duk lokacin da ake cutar wani sai ya juya baya. Shi kam ba na iya shiru, sai na ce masa Allah ya isa. Da daddare ɗana yana cin tuwo yana ba matarsa labarin wani wasan ƙwallo, na ce ai mai tsaron gidan ne ya fito da wuri. Ya ajiye lomar ya dube ni. Ya ce, "Iya, Abuja ta karɓe ki." Matarsa ta sunkuyar da kai tana dariya, ko da yake waken da ta bar mini in tsince yana nan yadda ta bar shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin ayaba ce.

Na fara jin ƙamshinta a ɗakin Mama, ƙamshin da ya wuce na nuna ya doshi wani wuri. Sai ta fara ba ni kyauta in zan fita. Yau nono guda, gobe biyu, duk sun yi dabbare-dabbare. Jikokina suka ci har suka fara ɓuya in sun gan ni da leda. Ran nan na fito bayan azahar na leƙa bakin hanya, sai na ga wani mai baro, irin yaranmu na arewa masu zuwa ci-rani, ya kafa baronsa na lemo a gindin dalbejiya, daidai inda ƙafafun teburin Mama suka yi rami a ƙasa. Ita kuma ta fito da teburinta a makare, ta dube shi, ta ja teburin can cikin rana.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Wato ni ce na zama baƙuwar da uwata ta ce kada in zama. Matar nan ba ta yi hamma ba, ayabarta ce ta yi.

Da hantsi ya yi washegari, ban fita ba. Ta ƙwanƙwasa, na ce gwiwa ce. Ba ƙarya na yi ba, gwiwa kullum tana nan, sai dai ran nan na ɗora mata laifin da ba nata ba. Na zauna ina tsintar wake ina kasa kunne ko zan jiyo muryar kawu ta bango. Shiru. Ashe ita ma ba ta kunna ba. Haka muka yi kwanaki, ni a nan, ita a can, marayu kuma ba mu san halin da suke ciki ba.

Ɗana ya lura. Shi mutum ne mai son gyara abu da saye. Ya ce kada in damu, akwai wani abokinsa a tasha da zai sayar da ƙaramin talabijin, ranar Asabar zai kawo mini nawa na kaina, in kalla a ɗakina, in kashe lokacin da na ga dama, ba sai na je ɗakin kowa ba. Ya faɗa da murna. Na ce Allah ya yi albarka. Amma na kwana ina juyi. In talabijin ya shigo ɗakin nan, shi ke nan, ba ni da dalilin ɗaukar mayafi. Zan zagi kawu ni kaɗai, ita ta zage shi ita kaɗai, bango a tsakani. Kuma wa zai sallame ni daga ɗakina?

Ana gobe Asabar, sai ga Mama da kwalbar man zafi. Ba ta jira izini ba, ta zauna a ƙasa, ta ja ƙafata ta ɗora a cinyarta ta hau murzawa. Ta murza wadda ba ta ciwo, ban gyara mata ba. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Hajiya, me na yi maka?"

Na ce ba ta yi mini komai ba. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga ina zagaya tsakar gida da tsintsiya, gwiwar da ke shara za ta iya kallo. In abincinta ne ko addininta ne ya sa, in faɗa mata, ta saba. Wannan maganar ta soke ni. Na ga in na ci gaba da kunya, za ta tafi da abin da ya fi gaskiyar muni. Sai na faɗa mata. Na ce na ga mai baro. Na ce na ga ayaba. Na ce na zame mata kaya, kuma na rasa ƙofar fita tun ranar da yaron nan ya fara cewa kada a tashi, ita kuma ba ta ce a tashi ba.

Ta saki ƙafata. Ta ce, "Wane yaro?"

Na ce na cikin talabijin.

Ta dube ni. Ta ce, "Shi ne oga a ɗakina? Shi ke biyan haya?"

Na ce ko ba shi ke biya ba, daga kayanta ya yi magana, kuma ita ta gyara zama. Ta ce ta gyara zama ne don ta ga na fasa sa takalmi. A gidansu an koya mata ba a kashe abu baƙo yana kallo, daidai yake da janye kwano yana ci. Ta ce ita kokawar nan tana sa mata ciwon kai, rufe ido take yi, amma ta ga yadda nake bin alƙali da Allah ya isa, ta ce wa ranta tsohuwar nan ta bar garinsu ta bar kowa, in kokawa ce ke faranta mata, ayaba ta ruɓe. Har addu'a take yi a ɗauke wuta. Ranar da ɗanta ya kawo sola, sai da ta shiga bayi ta yi tsaki.

Na ce, "Ke ma?"

Ta ce, "Kai ma?"

Ni ba mai yawan dariya ba ce, maigidana ya rasu bai san adadin haƙorana ba. Amma ran nan sai da na riƙe gado. Wato uwata a ƙauyenmu da uwarta a kan dutsensu, ba su taɓa haɗuwa ba, sun haɗu sun ɗaure mu a gaban maza masu kamfai.

Da muka natsu sai muka zauna shawara, don abin ba na wasa ba ne. Ita ba za ta kashe ina kallo ba. Ni ba zan tashi ana magana ba. Ta ce yaron ai ba ya ji. Na ce na sani, amma wanda ya saba juya wa murya baya don mai ita ba ya gani, wata rana zai juya wa mai gani. Na ce laifinsa guda ne, yana buɗe sabon labari ba a rufe tsohon ba. Mu da muka yi wa yara tatsuniya mun san ba a haka. Sai an ce ƙurunƙus, kowa ya san an sauka, mai fitsari ya je, mai barci ya kwanta. Mama ta ce to ni in riƙa faɗa mana, tunda masu talabijin sun daina. In na rufe labarin da bakina, ta san na gama kallo, ita kuma sai ta kashe da hannunta, in yaron ya yi shiru ai ba a kan maganarsa na tashi ba.

Na juya abin ta kowane gefe, ban ga inda ya saɓa wa uwata ba.

Da Asabar ta zo na ce wa ɗana ya bar wa abokinsa kayansa. Ya ce ai ya riga ya yi magana. Na ce ya je ya warware, baki ne ya ɗaura. Litinin da hantsi na ɗauki mayafi. Mun tarar kawu ya sami takardun gidan, marayu suna waje da akwatuna, abin da ya faru a bayanmu ke nan. Wasa ya kai ƙarshe, fuskarsa ta tsaya, rubutu ya tsuke, yaro ya buɗe baki. Na ɗaga murya na ce, "Ƙurunƙus. Yaro, ka yi haƙuri, mu mun sauka a nan." Mama ta danna ta kashe talabijin, ta jefa masa leshi.

Sai muka ga an bar mu da wata matsalar. Babu kiɗa. Ɗaki tsit, ni ga takalmi ga gwiwa, ita tsaye tana jira, irin jiran da ke sa baƙo ya ji kamar korarsa ake. Mama tana cikin matan da ke waƙa a cocinsu. Sai kawai ta kama kiɗan nan na ƙarshen wasa da hanci, a hankali, tana kaɗa kai. Na sa dama, na sa hagu, na dafa kujera. In ta ga gwiwa ta ƙi, sai ta maimaita baiti. Har yau haka muke yi. Masu sunaye dai an cuce su, ba mai ganinsu a lungun nan, sai nakan ce Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu, ya wadatar.

Dalbejiya kuwa, da muka fito tare da wuri, na sami mai baro na tambaye shi garinsu da sunan kakarsa, na tambaye shi ko a can an koya masa kafa kaya a ramin ƙafar teburin wani. Ya matsa. Bai yi nisa ba, inuwar ta ishe su su biyu, yanzu shi ke sauke mata kankana in motar Zuba ta zo. Ni kuma ina da benci a gefe, ina korar ƙuda.

Sau ɗaya yaron ya ci mu. Na ce ƙurunƙus, Mama ta ɗaga hannu za ta danna, sai ya yi sauri ya ce wai yanzun nan alƙalin nan mai riga zane-zane zai shiga fili da kansa, a yi kokawar da shi. Hannun Mama ya tsaya a sama. Ta dube ni. Na dubi ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ta ce, "Hajiya, ka riga ka rufe."

Na ce na rufe na kawu ne.

Ta leƙa taga, ta kira mai baro ta ce ya fitar mata da tebur ya duba mata. Na zare takalmin.